Mas'alar Farillar Kifaya da Gajiyar Masu Ɗaukarta

Malaman usulu sun kasa wajibi kashi biyu tun da daɗewa. Suka ce akwai farilla ta aini, wadda ke wuyan kowane baligi mai hankali shi kaɗansa, kamar salloli biyar da azumin watan Ramalana. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda aka ɗora wa jama'a ɗungurungum, in wasu sun tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya noƙe, laifi ya hau kan kowa. Wankan gawa da suturta ta da sallatarta da kai ta makwanci, da neman ilmin da ake fatawa da shi, da ceton wanda ruwa ya ci, da ciyar da mayunwaci, duk suna cikin kashi na biyu, kuma duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami ya karanta Risala ya ji wannan bayani. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne hukuncin jama'ar da farilla take faɗuwa daga kanta shekara da shekaru, alhali kuwa a wuyan mutum ɗaya ko biyu take sauka kullum, har suka tsufa a ƙarƙashinta, dukiyarsu ta ƙare, jikinsu ya raunana, ba a kuwa tanadi wanda zai karɓe su ba. Shin sauran jama'a sun kuɓuta a gaban Allah don kawai an yi aikin, ko kuwa akwai wani bashi da ya rage a kansu?

Wannan tambaya ta fi tsanani a zango, domin zango tun asalinsa a kan wuyan mutane ƙalilan aka gina shi. Fataken goro da suke bin hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salga, ba sa sauka a gari sai a hannun maigida, shi ne zai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya samo dillali, ya tsaya musu lamuni, ya yi musu tafinta da masu ƙasa, in ɗayansu ya rasu kuma shi ne da jana'iza da rabon abin da ya bari. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, wannan tsari ya bi mutanenta zuwa Karaki da Kumasi da sauran garuruwa. A nan Ankara ta Gana kuwa, Malam Idirisu Naino, Bakatsine, yana cikin waɗanda suka kafa tsohon zangon da ake kira Zongo Lane a yau, kusa da kasuwar Makola. Ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1910. Malam Amadu Futa kuma ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao a 1931, daga nan gari ya yi ta ƙaruwa har ya haɗe da Mamobi. Kowane ɗayan waɗannan mutum ne da ɗaruruwan baƙi suka rataya a jikinsa. Har yanzu, ko da yake fatauci ya sake kama, kowace ƙabila a Nima tana da sarkinta, kowane lungu yana da limaminsa, da dattijon da ake buga wa ƙofa da tsakar dare, da tsohuwar da ake aika wa in mace ta rasu. In ka bincika kuma sai ka tarar ba su da yawa, su ne dai jiya, su ne yau.

Abin da ya sa na ɗauko wannan mas'ala yanzu shi ne na tarar wasu mutane, waɗanda ba ruwansu da fiƙihu, sun ci karo da ita a cikin sana'arsu, sun kuma tsananta bincike a kanta da alƙalamin lissafi. Su ne injiniyoyin da ke ƙera 'yan ƙananan na'urorin awo masu magana da juna ta wayar iska. Mutanen Ankara ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na GOIL da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Ruwan da ke gangarowa ta babbar kwatar Nima kuwa cikin kogin Odaw yake zuba, wanda shi ne ya tumbatsa a daren nan. Bayan wannan masifa ne Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don shirin da ake kira GARID, wanda a cikinsa akwai gyaran magudanai da kafa tsarin gargaɗin ambaliya a kwarin Odaw, Nima kuma tana cikin unguwannin da aka ambata. Gargaɗi kuwa ba ya yiwuwa sai da ma'aunai da ke tsaye dare da rana suna auna ruwan sama da tashin kogi. Akwai ma ƙungiyar TAHMO, wadda malamai biyu suka assasa, Nick van de Giesen na Delft a Holan da John Selker na Oregon a Amurka, da burin dasa tashoshin yanayi 20,000 a nahiyar Afirka, ta kuwa dasa wasu a makarantun Gana. Irin waɗannan tashoshi da hasken rana suke aiki, kowace tana aika labarinta ta layin wayar salula. Amma idan ma'aunai suka ƙanƙance suka yawaita, aka watsa su ɗari ko dubu a bakin kwata ko cikin gona ko daji, inda ba wanda zai riƙa zagayawa yana sake musu batir, sai wata matsala ta taso wadda ita ce ainihin abin da muke magana a kai.

Ga yadda take. 'Yar na'urar nan ba ta da abin rayuwa sai batirinta, kuma a cikin ayyukanta uku, watau awo da lissafi da aika saƙo, na ƙarshen nan shi ne ya fi cin batir nesa ba kusa ba. Tsadar saƙo kuma tana ƙaruwa da nisa ta hanya mai ban tsoro: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ake bukata ya ninka huɗu, a wasu wurare ma har sha shida. Saboda haka idan aka ce kowace na'ura ta aika labarinta kai tsaye zuwa babbar tasha, na nesa ne za su fara mutuwa. Idan aka ce kowace ta miƙa wa maƙwabciyarta, hannu da hannu har ya isa, sai na kusa da tasha su fara mutuwa, domin labarin kowa ta kansu yake bi. Sai aka ce to a kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugaba, mabiya su yi masa magana daga kusa, shi kuma ya tattara, ya taƙaita, ya aika nesa sau ɗaya. Wannan dabara ta rage ɓarna ƙwarai, amma ta haifi tata illar, domin shugaban nan ba ya barci, shi ne mai sauraron kowa, shi ne mai dogon kira, don haka batirinsa ke fara ƙarewa. Ranar da ya ƙare kuwa, rukuninsa duka sun zama bebaye, alhali mabiyansa batirinsu cike yake.

A shekarar 2000 wasu masu bincike uku a jami'ar MIT, Wendi Heinzelman da Anantha Chandrakasan da Hari Balakrishnan, suka fito da tsarin da suka raɗa wa suna LEACH, wanda jigonsa shi ne karɓa-karɓa. An yanka lokaci zagaye-zagaye. A farkon kowane zagaye kowace na'ura ta jefa wa kanta ƙuri'a. Wadda ta faɗa wa ta yi shela cewa ita ce shugaba, sauran kuma kowace ta bi wadda ta fi jin muryarta da ƙarfi. Shugaba ta raba musu lokutan magana, yadda kowace za ta farka a nata lokaci ta faɗi abin da ta auna ta koma barci. Wadda ta riga ta yi shugabanci kuwa ba ta sake shiga ƙuri'a sai kowa ya yi nasa. A gwajin da suka yi cikin kwamfuta da na'urori 100, sun ga shugabanni biyar cikin ɗari sun fi dacewa, watau kowace na'ura tana ɗaukar nauyin sau ɗaya a zagaye 20, kuma sun ba da rahoton cewa ƙarfin da ake ɓatarwa ya ragu har ninki takwas a kan wasu tsofaffin hanyoyi. Ba a ƙara wa kowa batir ba. Nauyin ne kawai aka hana shi zama wuri ɗaya.

Akwai wani fanni na lissafi da ke bayan wannan duka, wanda ake iya kiransa ilmin saƙa, domin ba ya duban abu sai a matsayin ƙulle-ƙulle da zaruruwan da suka haɗa su. Ana danganta farkonsa ga Leonhard Euler, wanda ya warware mas'alar gadoji bakwai na birnin Königsberg a 1736. Abin da ya shafe mu a cikinsa shi ne wani sakamako da Réka Albert da Hawoong Jeong da Albert-László Barabási suka wallafa a 2000: saƙar da zaruruwanta suka taru a kan 'yan ƙulle-ƙulle manya tana jure asarar ƙanana masu yawa, amma in aka tsinke manyan nan kaɗan sai ta wargaje. Dattawan zango ba su bukatar a fassara musu wannan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, kuma abin da ya girgiza zanguna a lokacin ya wuce yawan waɗanda suka tafi, domin a cikinsu akwai masu gida da 'yan kasuwa da malamai, waɗanda kowanensu in ya ɗaga, mutane da yawa da suka saura sun rasa wanda za su dafa.

To, kada mai karatu ya zaci ina nufin sai da injiniya ya zo muka san karɓa-karɓa. Imamu Buhari ya ƙulla babi a Kitabul Ilmi a kan yin karɓa-karɓa wajen neman sani, ya kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, wanda ke zaune a cikin Banu Umayya bn Zaid a Awalin Madina, nesa da masallaci, shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare: yau wannan ya sauka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo wa ɗan'uwansa da labarin wahayi da sauran abin da ya wakana, gobe wancan ya sauka. Nisa ne ya yi tsada, bukatar sani kuma ba ta faɗi ba, sai suka raba wahalar tafiya a tsakaninsu, ba wanda ya bar sana'arsa ta mutu, ba kuma wanda ya zauna cikin jahilci. Haka nan bayan yaƙin Hunainu, a shekara ta 8 bayan hijira, da aka nemi Musulmi su saki fursunonin Hawazin, jama'a suka amsa baki ɗaya, Annabi bai karɓi hayaniyar taro a matsayin yarda ba, ya umarce su su koma, wakilan rukunoninsu, waɗanda ake kira urafa'u, su ji ta bakin kowa su kawo masa. Rukuni da wakili da tattara labari, duk ga su nan.

Sai dai akwai mai cewa wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Na'urorin LEACH a ma'aikata ɗaya aka ƙera su, da batir iri ɗaya, kowace tana iya abin da 'yar'uwarta ke iyawa, shi ya sa ƙuri'a ta wadatar a tsakaninsu. 'Yan Adam kuwa Allah ya fifita sashensu a kan sashe a ilmi da haƙuri da wadata. Ba mai hankalin da zai ce a jefa ƙuri'a a kan kujerar Babban Limamin ƙasa, wadda Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu ya hau a 1993, ko a ce fatawa ta riƙa zagayawa gida-gida kamar kwasar adashi. Malamanmu na Malikiyya sun jera waɗanda suka fi cancantar limanci, daga mai sarauta da mai gida zuwa mafi sanin fiƙihu da hadisi da ƙira'a, ba su kuma koma ga ƙuri'a ba, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halilu, sai inda masu neman suka yi daidai ta kowace fuska, kuma ba girman kai ne ya kawo jayayyar ba. Na yarda da wannan duka. Injiniyoyin ma ba su daɗe a kan ƙuri'a tsagwaronta ba, domin a 2004 Ossama Younis da Sonia Fahmy na jami'ar Purdue suka kawo tsarin HEED, wanda ke duba abin da ya rage a batirin kowace na'ura kafin a ɗora mata shugabanci, mai saura da yawa ta fi kusa da ɗauka, wadda ta kusa ƙarewa a ƙyale ta. Wannan kuwa shi ne istiɗa'a da fuƙaha'u suka sa sharaɗin taklifi, sai dai a nan ana sake auna ta kowane zagaye, mu kuwa mukan auna mutum sau ɗaya yana ɗan shekara arba'in, mu ci gaba da ɗora masa har ya kai tamanin.

A ganina warwarar tana cikin rarrabe abu biyu da muka saba cakuɗawa, watau wilaya da hidima. Wilaya, wadda ke bukatar ilmi da yardar jama'a, tana iya daɗewa a hannun wanda ya cancance ta. Amma mafi yawan abin da ke karya shugaban zango hidima ce tsantsa: saukar baƙo, ciyar da shi, bin marar lafiya asibiti, zuwa ofishin 'yan sanda belin yaro, haɗa kuɗin likkafani da na mota zuwa maƙabarta, tsayawa a kan yasar kwata kafin damina. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke bukatar wanda ya haddace Muhtasar, kuma ba dalilin shari'a da ya ɗaure su a ƙofar gida ɗaya. Imamu Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya yi bayani a Muwafaƙat cewa farillar kifaya tana hawa kan kowa ta wata fuska: mai iko an neme shi da aikatawa, marar iko kuma an neme shi da tsayar da mai ikon da taimaka masa. Idan haka ne, jama'ar da ta ga mai ɗauke mata nauyi yana durƙushewa, ba ta tallafe shi ba, ba ta kuma horar da magajinsa ba, ta bar rabonta na farillar, ko da kuwa ba a taɓa barin gawa ba wanka a unguwarta ba. Imamul Haramaini Juwaini ya tafi a kan cewa mai tsayawa da farillar kifaya yana da wata falala a kan mai farillar aini, tun da yana ɗauke laifi daga al'umma duka. Magana ce mai daɗi, amma na sha jin ana yi wa gajiyayye ita a wurin da ya kamata a karɓe shi.

Akwai kuma wata fuska ta nisa da kusanci da ta cancanci a lura da ita. Injiniyoyi sun gano cewa shugabannin rukunin da ke kusa da babbar tasha suna ɗaukar kaya biyu, na mabiyansu da na rukunonin nesa da ke bi ta kansu, don haka wasu tsare-tsaren suka ƙanƙanta rukunonin kusa da gangan, domin a rage musu na gida su iya da na baƙi. Wanda ke zaune a Ankara, kusa da asibitin Korle Bu da ofisoshin gwamnati da filin jirgin alhazai, shi ne wannan na kusa da tasha ga danginsa na Tamale da Bawku da Yendi, har da na Dosso da Sakkwato. Kowa ta ɗakinsa yake bi, ana kuma lissafa shi cikin masu hali don kawai yana birni. Adalci a nan shi ne a sassauta masa wani abu daga hidimar unguwa, ko na nesa su haɗa hannu a kan abin da baƙinsu ke ci.

Abu ɗaya ne a cikin aikin wakili nake jin tsoronsa fiye da gajiya, shi ne taƙaitawa. Shugaban rukuni ba ya aika duk abin da ya ji, matsakaici yake fitarwa, in ba haka ba ina amfanin tattarawar? Amma idan ma'aunai tara suna kan tudu suna cewa lafiya, ɗaya tana cikin kwari ruwa ya kai mata wuya, matsakaicin goman nan zai ce lafiya, kuma ƙarya ce mai kashe mutane. Saboda haka masu wannan sana'a suka sa ƙa'ida a wasu tsare-tsarensu cewa awon da ya ƙetare wani haddi a aika shi nan take, kada a jira zagaye. A ƙissar Hawazin ɗin nan ma, malaman sira sun ruwaito cewa Abbas bn Mirdas ya miƙe ya ce shi da Banu Sulaim ba su yafe rabonsu ba, sai mutanensa suka ƙaryata shi a gaban taro suka ce sun yafe. Wakili ya yi magana da sunan rukuni, rukuni kuma yana kusa, ya ji, ya gyara. Inda wakili ya daɗe shi kaɗai yana hawa matakalar hukuma, jama'arsa kuma ba mai sanin hanyar sai shi, wannan gyara ba ya samuwa, ko da kuwa shi mutumin kirki ne. Gajiyayye yakan taƙaita fiye da kima, ya kai kukan masu yawa da masu murya, na gwauruwar da ke bakin kwata ya narke a cikin matsakaici.

Su kansu injiniyoyin sun yi saɓani a kan yadda za a ƙidaya tsawon ran saƙar na'urori: wasu suna ƙirgawa zuwa ranar da ta farko ta mutu, wasu zuwa mutuwar rabi, wasu zuwa ta ƙarshe. Kowane ma'auni da irin tsarin da yake fifitawa, domin wanda ke duban ta ƙarshe ba ya damuwa in an ƙone wasu da wuri muddin labari na isa tasha, mai duban ta farko kuwa dole ya riƙa lura da mafi rauni a kowane zagaye. Fahimtar da muka saba yi wa farillar kifaya irin ta mai duban ta ƙarshe ce: muddin an sami wanda ya yi, shi ke nan. Bayanin Shaɗibi ya fi karkata ga ɗaya ma'aunin, kuma shi nake rinjayarwa, musamman a ayyukan da masu iya su suka yi ƙaranci. Wankan gawar mace shi ne misali mafi kusa. Hukunce-hukuncensa ba su fi a koye su cikin 'yan kwanaki ba, makarantun Islamiyya na matan aure kuma sun yawaita a Nima da Mamobi da Sabon Zango, saboda haka ba abin da zai hana kowace makaranta ta fitar da mata biyar ko shida da suka koya a hannun tsofaffin da ke yi yanzu, a rubuta sunayensu a masallacin unguwa, a riƙa kiransu bi da bi, tsohuwar kuma ta koma mai duba aiki da gyara kuskure.